Kawu Ya Ja, Yaya Ta Taka Birki

Shi ya fara gani. Kafin likita, kafin mai gashin ƙashi, kafin ɗan da ta haifa da cikinta, Kawu ne ya gane cewa ba ƙafar Yaya ce ta kwantar da Yaya ba. Kuma ko jakarsa bai sauke daga kafaɗa ba lokacin da ya gane.

Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, gwiwoyinsa na ta ƙara saboda zaman mota. An saki labule, fanka na juyawa a hankali kamar ita ma an ce ta yi shiru, ko'ina warin man zafi. A lungu ga ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu da aka sayo mata, an rataye tawul a kai. Yaya kuwa, matar da a da muryarta ke tsallake gida uku, ta juya wa duniya baya tana fuskantar bango, ta ƙanƙance a cikin bargo.

"Yaya, ga ni na iso," in ji Kawu. "Tun safe nake hanya, ko ruwa ban sa a bakina ba."

Ba ta juyo ba. Amma akwai wata 'yar jijiya a ƙasan kunnenta da ya sani tun yana yawo ba wando, wadda ke motsi duk lokacin da take shirin ce masa ƙarya yake yi. Ta san ƙaninta bai taɓa wuce tasha bai ci wani abu ba. Jijiyar ta motsa. Bakin ne dai bai buɗe ba.

Ɗanta, wanda kowa ke kira Manaja tun da aka ba shi riƙon wani babban kanti, ya ja hannun rigar Kawu zuwa baranda, ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, ka ga yadda take. Tun da ta faɗi a banɗaki aka yi mata aiki a ƙugu, likita ya ce ƙashi ya kama, ba abin da ya rage sai ta taka. Ta ƙi. Mai gashin ƙashi ya yi lallashin duniya. Ya ce in ta ci gaba da kwanciya ƙafar za ta sandare, shi ke nan ita da gado har abada. Jiya ya gaya mini in yau ma ta ƙi, zuwansa ba shi da amfani."

"Ƙafar lafiyarta ƙalau," in ji Kawu.

"Allah ya sa. Amma don Allah Kawu, ka san halinka. Ba ma son hayaniya. Kada ka shiga ɗakinta da labaran nan naka."

Labaran nan nasa. Kawu ya dubi yaron nan da ya taɓa ɗauka a wuya, yanzu ga tumbi ga tabarau. Shi Kawu fa, mutumin da ya sauko da babbar mota daga kan dutse ba birki, da lodin siminti a bayansa, ya fito yana gyara hula. Mutumin da ya kwana a asibiti an rufa masa zane har fuska, da safe ya tashi ya nemi shayi. Bai taɓa zama a aji ba, allon hanya ma sai dai ya gane shi da launi, amma bai taɓa ɓata ba, kuma duk direbobin da suka yi masa dariya a tasha ya raka su makwancinsu ɗaya bayan ɗaya. Shi ake ce wa labaran nan naka.

"To," ya ce. "Ba zan shiga ba."

Gidan ya zama kamar ɗakin jarrabawa. Yara na tafiya da yatsun ƙafa, talabijin na nuna mutane suna ta buɗe baki ba sauti. Malama, matar Manaja, ta kawo masa abinci a falo tana magana kamar mai gulma.

"Wallahi Kawu, ba abin da ba ma yi mata. Duk abin da ta ce sai mu ce haka ne, Inna. Rannan da rana tsaka ta ce gari bai waye ba, na ce haka ne Inna, na ƙara jan labule."

"Kika ce haka ne?"

"To me zan ce? Ba a musu da marar lafiya."

Kawu ya ci gaba da tauna. Matar da ta yi rayuwarta tana musu da mahauta, da masu awo, da mijinta har ranar da ya bar duniya, an kwantar da ita ana ba ta haka ne safe da yamma. Kawu ya ce a daidai nan ya gama tsara komai a ransa. Masu hassada za su ce ba abin da ya tsara, loma kawai yake kaiwa. Su suka sani.

Abin da mutanen gidan nan suka manta, ko kuma ba su taɓa lura ba, shi ne a zuriyarsu mutum ɗaya ba ya ba da labari. Dole sai biyu: mai ja da mai birki. Mahaifinsu yana ja, mahaifiyarsu na daga bakin murhu tana cewa, "Ba haka aka yi ba." Da suka shuɗe, Kawu ya gaji ja, Yaya ta gaji birki. Mai birki ba ta ba da labari, tsayarwa kawai take yi, in mai ja ya ce goma ta mayar da shi uku, a ci gaba. To tun da Manaja ya ɗauko uwarsa ya kawo ta wannan birni, Kawu ke ba da labaransa a benci a bakin tasha, ba mai taka masa komai. Labaran sun samu hanya, sun yi ƙiba.

Da la'asar ta kusa, jikoki suka taru a falo suna kallonsa. Babbarsu, wadda ke jami'a, Kawu na kiranta Lauya saboda bakinta, ta zauna a hannun kujera.

"Tsoho, wai da gaske ne kai ma ka taɓa yin yaro? Ko haka aka haife ka da furfura?"

"Ke, lokacin da nake yaro, irinki biyu nake ɗauka a hannu ɗaya. Ba a ba ku labarin shekarar ruwa ba?"

"Kaka ta ce kun hau bishiya. Shi ke nan."

"Shi ke nan?" Kawu ya ajiye kofinsa. "Ashe an cuce ku."

Manaja ya ɗago daga wayarsa. "Kawu, a hankali dai."

"A hankali zan yi."

A hankalin Kawu kuwa murya ce ta mutumin da ya saba hira a kan rurin inji. Ƙofar ɗakin Yaya tana can ƙarshen baranda, Malama ta bar ta a ɗan buɗe don iska.

"Da hantsi ne," ya fara. "Babanmu ya yi tafiya, innarmu ta tafi kasuwa. Gida daga ni sai kakarku sai Auta, jariri, ko zama bai fara ba. Ba hadari, ba yayyafi. Ni na fara ganin ruwan. Duk unguwar nan, da manya da malamai da masu gemu, ba wanda ya gani sai ni. Na hango shi daga gabas yana tahowa ja wur, da rufin ɗakunan mutane a kansa, da wata saniya tana juyawa kamar ludayi. Ban yi ihu ba. Namiji ba ya ihu. Na sauko a natse na ce, Yaya, tattara."

Daga can ciki aka ji cokali na bugun kofi. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Malama ta tashi da sauri, ta dawo.

"Ruwa take so, ina ji. Na ba ta, ta ture."

"Kafin mu kai ƙofar gida ruwa ya kawo mini wuya," Kawu ya ci gaba. "Kakarku ta rikice, sai kuka, sai kiran inna. Na ce ke, yi mini shiru, hau bayana. Na goya ta. Akwai wani mangwaro a bayan gidan maƙwabcinmu, dogo, ba reshe a ƙasa. Na hau shi da ita a baya."

"Shekararka nawa?" in ji Lauya.

"Ƙarfi ba ya tambayar shekara. Muna isa sama, me zan gani? Maciji. Baƙi, kaurinsa ya kai cinyar babanku ta yanzu, shi ma ruwa ya koro shi. Ya dube ni, na dube shi. Na ce malam, reshen nan ba zai ɗauke mu duka ba."

Wani abu ya faɗi a ɗakin ciki ya yi ta gangarawa a kan tayil. Malama ta sake rugawa. Wannan karon ta ɗan jima, ta fito fuskarta a rikice.

"Ta yi magana. Wai igiya. Na ce haka ne Inna, sai ta harare ni."

Kawu ya yi ɗan tari, ya gyara zaman hularsa. Masu hassada za su ce a nan ya so ya sauka daga labarin, amma yara sun riga sun matso har gwiwarsa, ƙaramar cikinsu ta riƙe bakin rigarsa, kuma Kawu bai taɓa tsayar da mota a tsakiyar gangara ba.

Ana cikin haka mai gashin ƙashi ya yi sallama, dogon mutum mai jaka a hannu da fuskar wanda ya san zuwan banza ya yi. Ya gaisa da kowa a gajarce ya wuce ciki. Manaja ya bi shi da ido, ya sauke ajiyar zuciya, bai ko tashi ba.

"Sai ka yi yaya da macijin?" in ji yaran.

"Na kama wuyansa na wulwula na jefa wa ruwa. Sannan na tuna Auta."

"Au, ka bar jariri a ƙasa?" in ji Lauya.

"Wa ya ce na bar shi? Yana hannuna tun farko. Kakarku a baya, Auta a hannun hagu, da dama na hau, da dama na yi maganin maciji. Haka na riƙe yaron nan har rana ta faɗi, hannuna ya mutu ban sake shi ba. In ba don ni ba, da ba a yi wani Auta a zuriyar nan ba."

Wannan bai taɓa faɗarsa a gaban dangi ba. A tasha ya saba faɗa, can ba wanda ya san Auta.

Sai aka ji wata ƙara a baranda. Ƙarfe ya sauka a tayil, aka ja ƙafa. Shiru. Ƙarfe ya sake sauka, aka sake jan ƙafa. Manaja ya miƙe, wayarsa ta zame ta faɗi kan kujera. Malama ta toshe bakinta da mayafi. Can sai ƙarfen ya leƙo falo, tawul ɗin na nan rataye a jikinsa ba a ko tsaya cirewa ba, sannan hannaye biyu riƙe da shi, sannan Yaya, ɗankwali ya karkace, zufa na bin wuyanta. Mai gashi na bayanta ya tallafi ƙugunta da tafin hannu, idonsa a kan ƙafafunta.

"Maimaita," ta ce.

"Yaya, sannu da ƙoƙa..."

"Na ce maimaita. Wa ya ɗauki Auta?"

Manaja ya jawo kujera da sauri. "Inna, zauna, zauna."

"Kau da ita. A zaune ba zai ji ni ba, kunnen ƙashi gare shi tun yana yaro."

Mai gashi ya yi wa Manaja alama da kai ya bar ta.

"To ai dai ni na fara ganin ruwan," in ji Kawu.

"Kai ka fara gani, wannan ban hana ka ba. Kana kan katangar mutane kana satar mangwaro, ina za ka ƙi gani? Ka ƙwalla ihun da sai da kaji suka watse, ka faɗo ka fasa leɓe." Ta numfasa, ta ƙara damƙe ƙarfen. Ta juya ga jikokinta. "Ku saurare ni. Wannan da kuke gani, tsayinsa bai wuce turmi ba a lokacin. Na ɗaure Auta a ƙirjina da ɗankwali, na goya wannan a baya da zanena. Ya shaƙe mini wuya yana kiran inna. Macijin da yake faɗa igiyar guga ce ruwa ya rataye a reshe. Da ita na ɗaure shi a jikin bishiya don kada ya yi barci ya faɗa."

Yara suka fashe da dariya, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba. Lauya har da riƙe ciki.

"Tsoho, ashe da macijin aka ɗaure ka."

"Igiya ce mai kama da maciji," in ji Kawu da martaba. "Kowa zai iya ruɗewa."

Yaya ba ta tsaya ba. Ita da aikinta tsayarwa ne, yau ta kama sitiyari. Ta faɗi yadda ta taka ruwan tana laluben ƙasa da yatsun ƙafa, yadda tukunyar innarsu ta wuce ta gabanta tana lilo ba ta da hannun kamawa, yadda Auta ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ta tauna ɗanyen mangwaro tana ɗiga masa ruwan a baki. Ta ce da ya yi shiru ta ɗauka ya mutu, ta ƙi dubawa, ta yi ta yi masa waƙa har masu kwalekwale suka iso, sai ga shi barci yake yi. Manaja yana tsaye da kujera a hannu. Ya san ƙanin uwarsa da ake kira Auta, mai yawan dariya, wanda ya rasu shekarun baya, ya sha jin an hau bishiya, amma wannan bai taɓa ji ba.

"Ruwan nan kuwa," in ji Yaya, "sai da ya shanye kaina gaba ɗaya, ina tafiya a ƙarƙashinsa..."

"A'a," in ji Kawu. "Ba haka aka yi ba."

Ta dube shi.

"Iyakarsa ƙirji. Ina bayanki, ina gani. Da ya shanye kanki da Auta ya sha."

"Har wuya."

"Ƙirji."

"To, tsakanin ƙirji da wuya." Gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta sake hannu ɗaya daga ƙarfen, mai gashi ya matso, ta janye wuyan rigarta ta nuna kafaɗa. "Ku zo ku ga aikin jarumin naku. Da kwalekwale ya zo aka ce a miƙa shi, tsoro ya sa ya kafa mini haƙora."

Yara suka yi layi. Ga shi nan kuwa, ɗan tabo mai lanƙwasa a fatar da ta yi laushi.

Kawu ya tashi shi ma ya leƙa, ya jinjina kai cikin gamsuwa. "Ku duba da kyau. Yaro ɗan mitsitsi ya yi cizo, har an tsufa bai goge ba. Ku nemo mini mai irin haƙoran nan a zamanin yanzu."

"Ka ji shi ko," in ji Yaya. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta tsaya tana kallon ƙaninta, su biyu kaɗai suka rage daga gidan da ruwa ya ci. "Ashe in na mutu haka za ka riƙa gaya musu?"

"Har da ƙari," in ji Kawu. "A tasha ma har kada nake sakawa."

"Kada."

"Biyu."



"To ban mutu ba," ta ce. "Kai, kawo kujerar nan. Nan za ka ajiye, kusa da shi, inda hannuna zai kai."

Aka zaunar da ita a hankali. Mai gashi ya durƙusa ya taɓa gwiwar, ya lanƙwasa, ya miƙar, ya tambaye ta inda ke ciwo, ta ce ko'ina, ya ce madalla. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi Manaja.

"Gobe ina nan tafe. Baƙon nan naku yaushe zai koma?"

"Jibi ya ce."

"Ku ɓoye masa jaka."

Kawu ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙe ƙafafu, ya karɓi sabon shayi daga hannun Malama, ya sanar da jama'a cewa gobe in Allah ya kai mu zai ba da labarin yadda ya zaɓa wa Yaya miji, ya kuma koya wa mijin yadda ake magana da mata. Amma falon nan ya cika zafi, a ƙofar gida zai bayar, ƙarƙashin inuwa, inda maƙwabta ma za su amfana.

"Ka kuskura," in ji Yaya.

"Akwai 'yan matakala a wajen, Inna," in ji Malama.

"Na san da su. Ni na ce miki makauniya ce?"

Haka aka yi, ba ragi. Abin da likita da kuɗin Manaja da lallashin gida guda suka kasa, tsohon direban da bai san alif ba ya zo da jaka ɗaya ya gama shi kafin magariba. Duk wanda ke ganin cika baki ne, hanya a buɗe take, mota na tashi kullum. Ya je gidan ya tambayi Yaya da bakinsa ko Kawu ne ya tashe ta. Za ta ce ƙarya yake yi. Amma mai tambaya ya duba da kyau, a tsaye za ta gaya masa.